AJIYAR LITTAFIN CINIKI A GAJIMARE

Jawabi ga Hakimai da Malamansu na Ƙasashen Ikara, Makarfi da Kudan



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wani sabon sha'ani da ya shigo kasuwannin arewacin ƙasar Zazzau, a kuma nuna dalilan da ke sa wani ɗan kasuwa ya karɓe shi, wani kuwa ya ƙi. Sha'anin nan shi ne mutum ya bar rubuta cinikinsa da basussukansa a littafin takarda, ya riƙa rubuta su ta cikin waya, rubutun ya tafi ya zauna a hannun wani kamfani da ke nesa. Wataƙila wani ya ce wannan magana ce ta 'yan kasuwa, ina ruwan hakimi da ita? Amsa ita ce, duk abin da ya taɓa bashi da ajiya da gado, komai daɗewa sai ya iso zauren hakimi. Gara kuwa ya iso ya tarar an riga an san shi.

MENE NE GAJIMARE?

A da, attajiri ya kan ajiye malami ya rubuta masa abin da ya shiga da abin da ya fita, da ajami ko da boko, a kulle littafin cikin akwati. Da kwamfuta ta zo, sai manyan kantuna su ka riƙa sayen manhaja, watau tsarin umarni da ke sa kwamfuta ta yi wani aiki, su zuba ta cikin na'urar da ke kan teburinsu. In na'urar ta lalace ko an sace ta, rubutu ya tafi tare da ita.

Yanzu kuwa an sami hanya ta uku. Manhajar da rubutun duka suna zaune cikin waɗansu manyan na'urori a wani gida mai nisa, wayar da ke hannun ɗan kasuwa kuwa kamar taga ce wadda ya ke leƙa littafinsa ta ciki. Ba ya sayen manhajar. Haya ya ke biya, ko dai wata wata, ko kuwa a cire wani ɗan abu daga kowane ciniki. Misalinsa kamar manomin da ya kai masararsa sito a gari maimakon ya zuba ta a rumbun gidansa. Ya huta da gara da ɓeraye da gobara, amma fa mabuɗin sito yana hannun wani, kuma ba ya ganin hatsinsa sai ranar da hanya ta buɗe.

Turawa suna kiran wannan tsari da kalmar da ma'anarta gajimare, domin injiniyoyinsu sun saba zana hoton gajimare a takarda in suna nufin intanet. Babu abin da ke rataye a sama. Gidaje ne na siminti, da masu gadi, da injunan wuta, da na'urorin sanyaya ɗaki. Kamfanin Amazon na Amurka ya fara ba da hayar irin waɗannan na'urori a 2006, Microsoft da Google su ka bi sahu. Microsoft ya buɗe nasa gidajen a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe a can a 2020. A Ikko, watau Legas, akwai irinsu, kamar na kamfanin Rack Centre, Gwamnatin Tarayya kuma tana da nata a Abuja ƙarƙashin Galaxy Backbone. Saboda haka lissafin mai shago a Hunkuyi yana iya kwana a Ikko, ko a Turai, shi bai sani ba.

Mutane da yawa sun daɗe suna amfani da gajimare ba tare da sun ji sunansa ba. Wanda wayarsa ta ɓace, ya sayi sabuwa, ya ga lambobin abokan cinikinsa sun dawo, daga can su ka dawo. Mai na'urar POS a bakin tasha, wanda ke iya duba duk cinikin da ya yi tun watan jiya, a can littafinsa ya ke.

ƘOFOFIN DA ABIN YA SHIGO TA CIKI

Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a 2001. Daga nan zuwa yau, in an lura, za a ga sha'anin nan ya shigo ƙauyuka ta ƙofa uku, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ta dogara ga sha'awar sabon abu.

Ƙofa ta fari ita ce hukuma. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke Ministan Aikin Gona, an rubuta sunayen manoma, an riƙa aika musu saƙon rabon taki ta waya. A 2015 Gwamnatin Jihar Kaduna ta tattara kuɗinta cikin asusu ɗaya, a 2016 kuma dokar haraji ta Jiha ta hana ma'aikaci karɓar kuɗin haraji a hannu. Tun daga nan wanda ke da hulɗa da hukuma ya san rasit na fitowa daga na'ura.

Ƙofa ta biyu ita ce babban kamfani mai ba da rance ko mai sayen amfanin gona. Kamfanin Babban Gona ya fara aiki a 2012 da manoma kimanin 100 a wajen Saulawa ta ƙasar Ikara, yana ba su iri da taki bashi, su biya da kaka. Ma'aikatansa da waya su ke auna gona, su rubuta sunan mai ita da abin da ya karɓa. Manomin da ke son rancen ba a tambayarsa ko yana son a sa sunansa a gajimare. Sharaɗin hulɗa ne, ya karɓa tare da buhun taki.

Ƙofa ta uku ita ce matsi, kuma ita ta fi faɗi. A watan Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya takardun N200 da N500 da N1,000. Daga Janairu zuwa Maris 2023 takardun kuɗi su ka yi wuyar samu a ko ina, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Watannin nan kuwa su ne ganiyar tumatirin rani da rake a Kudan da Makarfi da Ikara. Mai masara yana iya ƙulle buhunsa ya jira. Mai kwandon tumatir ba shi da kwana uku. Tilas ta sa mutanen da ba su taɓa shiga banki ba su ka buɗe asusu a waya, kamfanoni irin su Moniepoint da OPay su ka bazu har kasuwannin ƙauye. Da takardun kuɗi su ka dawo, da yawa ba su koma gidan jiya ba, domin sun ɗanɗana daɗin tafiya kan hanya ba da jakar kuɗi ba.

ABIN DA ƊAN KASUWA KE AUNAWA

Karɓar kuɗi ta waya mataki ne na fari. Mataki na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne mutum ya miƙa littafinsa duka: kayan da ke sito, masu bashi, albashin yara, riba da hasara. A nan ne ɗan kasuwa ke tsayawa ya yi awo.

Abu na farko da ya ke dubawa shi ne girman cinikinsa. Mai tebur da ke sayar da sukari da ashana yana riƙe da lissafinsa a ka, ba abin da manhaja za ta ƙara masa. Amma mai kemis da ke da shago a Makarfi da wani a Zariya, ko dillalin hatsi mai yara 5 a kasuwanni dabam dabam, ko mai sayar da taki da maganin feshi wanda ke bin manoma 200 bashi, ko mai makarantar kuɗi, waɗannan su ne su ka fi saurin karɓa. Dalili kuwa a fili ya ke. Ba su iya zama wuri biyu lokaci ɗaya, manhajar kuwa tana nuna musu daga gida abin da yaro ya sayar a shago, ta kuma faɗa wa mai kemis maganin da ya kusa lalacewa.

Na biyu shi ne kuɗi. Ko da kamfanin na 'yan ƙasa ne, yawanci shi ma haya ya ke biya ga manyan kamfanonin waje, da dala. Kafin Yuni 2023 dala tana wajen N460 a farashin hukuma, a Fabrairu 2024 ta haura N1,500. Ga misali: hayar da ta ke dala 10 a wata, a da N4,600 ce, bayan wata 8 ta koma N15,000, alhali aikin da ta ke yi bai ƙaru ba. A Janairu 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Wannan ya sa ƙaramin ɗan kasuwa ya fi yarda da tsarin da ke cire 'yan nairori daga kowane ciniki, domin ranar da bai yi ciniki ba bai biya komai ba. Biyan wata wata kuwa bai dace da sana'ar da ke da lokaci ba. Mai mazarƙwaila yana aiki da rani, da damina ya koma gona, to don me zai biya hayar wata 12?

Na uku shi ne sabis da wutar lantarki. Littafin takarda yana buɗuwa ko da aci-balbal. Na gajimare kuwa sai da caji, sai da sabis. Hakimai za su tuna cewa daga ƙarshen Satumba 2021 an rufe layukan waya a waɗansu sassan Jihar Kaduna saboda sha'anin tsaro, ba a buɗe ba sai ƙarshen Nuwamba. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi 4 da ke ƙarƙashin teku su ka lalace a wajen gaɓar Kwaddebuwa, aikin bankuna ya tsaya cik a wurare da yawa na Afirka ta Yamma. A Oktoba na wannan shekara kuma yawancin jihohin Arewa su ka yi fiye da mako guda babu wuta. Mutumin da ya ga waɗannan abubuwa da idonsa, in ya yi jinkiri ba a ce masa jahili. Akwai manhajojin da a ka ƙera su riƙe rubutu cikin waya in babu sabis, su aika da shi in ya dawo. Irin waɗannan su ne su ka dace da ƙauye, kuma yawaitar faifan sola ta rage wahalar caji ƙwarai.

Na huɗu shi ne karatu da harshe. Yawancin manhajojin nan da Turanci su ke. Dattijo mai jari, wanda ya iya ajami ya kuma iya lissafi fiye da ɗan sakandare, sai ya ga dole ya miƙa waya ga ɗansa ko yaron shagonsa. Nan fa magana ta tashi daga na'ura ta koma kan girma. Maigida ba ya son yaro ya san asirin dukiyarsa fiye da shi, ba ya kuma son ya riƙa tambayar yaro nawa ya rage. Inda uba ya amince da ɗansa mai karatu, abin ya kan shiga gida da sauri. Inda babu wannan amincewa, ko kyauta a ka ba da manhaja ba ta zama.

Na biyar shi ne maƙwabci. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ɗan kasuwa ba ya kula da takardar talla, amma yana kula da abin da sarkin kasuwa da manyan dillalai ke yi. In mai lodin rake zuwa Kano ko Ikko ya ce ba ya biya sai ta waya, kafin kasuwa biyu ta ci duk masu kawo masa kaya sun buɗe asusu. Haka kuma in mutum ɗaya sananne ya yi hasara, labari ya kan rufe ƙofar gari guda har shekara.

MAGANAR AMANA

Duk waɗannan da a ka lissafa suna da magani da kuɗi ko da koyo. Wanda ya fi su wuyar magani shi ne amana. Ciniki a ƙasar Hausa bisa sanayya a ka gina shi. Fatake sun kai goro daga Gwanja zuwa Kano shekaru aru-aru, suna barin dukiya a hannun fatoma, domin sun san gidansa, sun san iyayensa, sun san sarkin da za a kai shi gabansa in ya ci amana. Kamfanin gajimare kuwa ba a san fuskarsa ba, ba shi da zaure a gari. Ɗan kasuwa yana da tambaya uku a zuci, ko da bai furta su ba.

Tambaya ta fari: wa ke ganin littafina? Da yawa suna tsoron kada lissafinsu ya faɗa hannun masu haraji, ko abokan gasa, ko miyagu masu neman sanin wa ke da kuɗi a gari, abin da ba wasa ba ne a zamanin satar mutane. A watan Yuni 2023 an sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman a Abuja. Dokar ta wajabta wa kamfani ya faɗa wa mutum abin da zai yi da bayanansa, ya tsare su, kada kuma ya yi amfani da su ta hanyar da doka ba ta yarda ba. Mutum yana da iko ya nemi a ba shi kwafin abin da a ka rubuta a kansa, ya kuma kai ƙara in an cuce shi. Kaɗan ne daga cikin talakawa su ka san da wannan doka, ya kamata malamai su sanar da su.

Tambaya ta biyu: wannan kamfani na gaskiya ne? Jama'a ba su manta da MMM ba, wanda ya kulle kuɗin mutane a Disamba 2016, ga kuma CBEX da ya rushe a Afrilu 2025. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma akwai alama mai sauƙi ta rarrabewa. Kamfanin da ke ba da hayar manhaja kuɗi ya ke karɓa saboda aikin da ya ke yi. Wanda ya ce a kawo N100,000 a karɓi N200,000 bayan wata guda, ba shi da wata sana'a sai kwashe kuɗin na baya ya biya na gaba, ran da na baya su ka ƙare ya gudu. Duk kamfanin da zai riƙe kuɗin jama'a kuma, lalle ne ya kasance da lasin daga Babban Bankin Nijeriya, sunayen masu lasin kuwa bankin ya bayyana su ga kowa.

Tambaya ta uku: in kamfanin ya mutu fa? Wannan ita ce a ka fi mantawa da ita. Kamfani na gaskiya ma yana karyewa. A 2023 da 2024 ƙananan kamfanonin fasaha da dama a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka sun rufe, domin jarin da su ke samu daga waje ya ja baya. In mai sito ya rufe ƙofa ya tafi, manomi yana iya kiran hukuma a fasa kwado. In kamfanin gajimare ya kashe na'urorinsa, babu kwadon da za a fasa. Mutumin da ke bin jama'a bashin N3,000,000, wanda ba shi da sunayensu ko ina sai a can, ya wayi gari da dukiyar da ba ya iya nunawa. Don haka tun kafin a shiga, a tambaya ko manhajar tana barin mutum ya sauke littafinsa duka ya buga a takarda. In ba ta bari, a nemi wata.

INDA ABIN YA SHAFI ZAUREN HAKIMI

Rubuta bashi da kafa shaidu umarni ne da Musulmi su ka sani daga aya ta 282 ta Suratul Baƙara, kuma sabuwar na'ura ba ta ɗauke shi ba. Ta dai sauya kamannin rubutun. Dokar shaida ta ƙasa ta 2011, a sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi rubutun da ya fito daga kwamfuta, bisa waɗansu sharuɗɗa. To, ga irin rigingimun da ya kamata hakimi ya shirya musu in an zo neman sulhu.

Akwai rigimar biya. Mai saye ya nuna saƙo a wayarsa ya ce ya tura kuɗi, mai sayarwa ya ce bai gani ba. Saƙon waya ana iya ƙirƙirarsa, hoton rasit ma haka, 'yan kasuwa na kiran wannan alat na bogi. Wani lokaci kuma babu mai ƙarya a cikinsu, kuɗin ne ya maƙale a hanya saboda sabis. Abin dogara shi ne cikakken bayanin asusu na ɓangarorin biyu, wanda bankin ko kamfanin ke bayarwa, mai ɗauke da rana da sa'a da lambar ciniki. Kada a rantsar da kowa, kada a kira kowa ɓarawo, sai an ga wannan.

Akwai rigimar maigida da yaronsa. Sau da yawa maigida ba shi da lambar BVN ta banki, ko lambar zama ɗan ƙasa, ko kuwa yana ƙyashin zuwa layi, sai ya ce wa yaro ya buɗe da sunansa. Jari na maigida ne, amma a idon kamfani da na doka asusu na yaro ne, littafi ma nasa ne. Ran da su ka ɓata, yaro ya tafi da wayarsa, ya tafi da kuɗi da sunayen masu bashi gaba ɗaya. Manhajoji masu kyau suna da tsarin da maigida zai riƙe babban mabuɗi, ya ba yaro ƙarami wanda zai iya rubuta ciniki amma ba zai iya sharewa ko fitar da kuɗi ba.

Akwai kuma maganar gado, wadda ta fi duka ban tausayi. A da in attajiri ya rasu, a kan buɗe akwatinsa gaban alƙali ko wakilin hakimi, a karanta littafi, a san wanda ya ke bi da wanda ke binsa. Yau mutum yana iya rasuwa da lambar sirrinsa a ka. Magada su ga waya a kulle, ba su san ko kamfani nawa ya ke hulɗa da su ba. Masu gaskiya daga cikin waɗanda ya ke bi bashi za su kawo, marasa tsoron Allah su yi shiru, marayu su yi hasara, shi mamacin kuma a bar shi da nauyin bashin da ba a san da shi ba. In an bar layin wayarsa watanni ba a yi amfani da shi ba, kamfanin waya yana iya ba wani lambar. Bankuna da kamfanoni masu lasin suna sakin dukiyar mamaci ga magada, amma sai an kai musu takardar shaidar rasuwa da takardar kotu, kuma sai magada sun san ƙofar da za su buga.

ABIN DA A KE ROƘON MALAMAI SU YI

Ba aikin hakimi ba ne ya yi wa wani kamfani talla, ba kuma aikinsa ba ne ya hana talakawansa abin da zai amfane su. Wakilan kamfanoni za su zo gaisuwa suna neman a tara musu jama'a, domin sun san maganar hakimi tana da nauyi. Wannan nauyi shi ne abin da ya kamata a yi tattalinsa. Ana roƙon malaman hakimai su riƙe waɗannan abubuwa, su kuma isar da su ga dagatai da masu unguwanni da sarakunan kasuwa:

1. Duk wakilin kamfanin da ya zo, a rubuta sunan kamfaninsa, da lambar rajistarsa, da inda ofishinsa mafi kusa ya ke, a Zariya ne ko Kaduna ko Kano. In kamfanin zai riƙe kuɗin jama'a, a nemi ganin shaidar lasin.

2. A tambaye shi gaban jama'a nawa ne kuɗin haya, da naira ne ko da dala, kuma me zai sami littafin mutum in ya kasa biya wata biyu.

3. A tambaye shi ko manhajar tana aiki in babu sabis, ko akwai ta da Hausa, kuma wa za a kira in ta ƙi aiki ranar kasuwa.

4. A gargaɗi 'yan kasuwa su buɗe asusu da sunansu da layin wayarsu, ba da na yaro ko na maƙwabci ba. Mata masu sana'a a cikin gida da uwayen adashi su ma wannan gargaɗi ya shafe su.

5. Kowane ƙarshen wata mutum ya buga sunayen masu bashi a takarda, ko ya kwafe su da hannu cikin littafi. Babban bashi kuwa a rubuta shi a takarda da shaidu kamar yadda a ka saba.

6. Mutum ya rubuta sunayen bankuna da kamfanonin da ya ke hulɗa da su, ya ajiye tare da wasiyyarsa a wurin amintacce, domin magada su san inda za su nufa.

7. Kada kowa ya faɗa wa wani lambar sirrinsa ta waya, ko da mai kiran ya ce daga banki ya ke. Banki ba ya tambayar wannan.

Ƙasashen Ikara da Makarfi da Kudan ƙasashen noma ne da ciniki, kayansu na kai wa har bakin teku, masu sayensu kuwa suna ƙara komawa ga wannan sabuwar hanya. Wanda cinikinsa ya yi girma zai ga amfaninta, musamman ranar da gobara ta tashi a kasuwa littafin takarda ya ƙone nasa ya tsira, ko ranar da ya je neman rance a ka ce ya nuna lissafin shekara guda. Wanda cinikinsa bai kai ba, babu laifi ya jira. Abin da ke wuyan shugabanni shi ne mai shiga ya shiga da idonsa buɗe, mabuɗi na hannunsa, kwafin littafinsa kuma na cikin akwatinsa.

Allah ya ba hakimai ikon riƙe amanar talakawansu, ya sa albarka a noma da kasuwa, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.